Shekarar da Na Tuɓe Hular Gwamnati a Jiratawa

Na san abin da aka gaya muku, domin ni ma an sha faɗinsa a gabana, ana zaton kunnena ya mutu. Cewa ake yi ubanku ya sami aikin gwamnati a zamanin Nasara, irin aikin da mutum ke tsufa a cikinsa, amma ya tafi Jiratawa ya tuɓe hular aiki a gindin tsamiyar tsafi don wani tsohon Anne, mai bin al'adar kakanni, ya ce ya tuɓe, aka kore shi. Rabin maganar gaskiya ne: na tuɓe hular, kuma an kore ni. Sauran rabin nake so ku ji daga bakina tun ina da bakin, domin an ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, amma furen nan ya daɗe a kan gidanmu. Ban taɓa yanka kaza a gindin itace ba, ban kuma taɓa jin kunyar abin da na yi ranar nan ba, ga kuma yadda aka yi.

Hawan itace gadonmu ne. Kakanku Nomau, wanda yawancinku ba ku iske ba, shi ake kira a Tsibiri in reshe ya leƙo kan ɗaki ko rimi ya fara barazana ga hanya. Ba masassaƙi ba ne, kuma in ka kira shi mai saran itace sai ku ɓata. Cewa yake shi mai jinyarsu ne. Yana da guduma ta ƙirya wadda hannu ya sa ta yin santsi, kuma kafin gatari ya fito daga buhu sai ya kewaye itacen yana bugawa yana saurare. Mai lafiya gajeriyar murya yake mayarwa, kamar ka bugi turmi. Wanda gara ko ruɓa ta cinye wa ciki kuwa amo yake yi kamar ƙwarya a kife. Abu uku ya dasa mini tun ina ƙarami: a fara sara daga ƙasan reshe kafin a taɓa sama, don kada ya ɗaye ɓawon uwar in zai faɗi, a bar wa itace kafaɗarsa, wato kumburin nan da ke wurin da reshe ya haɗu da jiki, domin daga nan nama ke tasowa ya rufe miki, sannan a shafe mikin da laka da kashin shanu. In na yi daidai sai ya yi shiru, in na kuskure kuwa duk unguwa sai ta ji. Har na yi gemu ban taɓa jin "madalla" daga bakinsa ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana cina.

Bayan Gulbi ya cinye tsohuwar Maraɗi aka tashe mu muka hau tudu, sabon garin fili ne fetal, tituna a miƙe amma babu inuwar da kare zai fake. Nasara ya sa aka yi ta dasa dogon yaro da maɗaci, ana neman wanda zai kula da su, aka ce ga ɗan Nomau. Aka ba ni mutum shida da jakuna da tuluna, aka ɗora mini hular kaki mai tambarin tagulla a goshi. Mu ne ban ruwa, mu ne shinge da ƙaya saboda awaki, mu ne tokare wanda ya karkace, mu ne kuma rage rassan tsofaffin itatuwa a duk faɗin sarkal, wato ƙasar da ke ƙarƙashin Maraɗi. Na so hular nan, ba zan yi muku ƙarya ba. Innarku Hajo takan ce har alwala da ƙyar nake ture ta baya. Lokacin kakanku ya riga ya faɗo daga rimi, ƙugu ya tafi, ido ma ya fara hazo. Da na je Tsibiri na durƙusa gabansa, sai ya laluba kaina ya ƙwanƙwasa tambarin da farce.

"Ɗanjimma, wanga abu shina jin icce?"

"Baba, alama ce kawai."

"To. Nasara da ido shika auna icce, mu da kunne. Ka dai yi hankali kada ta ruhe maka kunnuwa."

A bazarar shekara ta uku da shigata aikin ne iskar farko ta karya wani reshe na babbar tsamiyar kasuwar Jiratawa, ranar kasuwa. Ya kashe jaki, ya karya hannun wata mai ginin tukwane. Labari ya kai biro, wato ofishin gwamnati, kumandan, Baturen da ke mulkin sarkal, ya aiko a kira ni. Mai Lofe muke ce masa, don lofen taba ba ya barin bakinsa, kuma in za a faɗi gaskiya ba mugun mutum ba ne. Shi dai in ya faɗi magana ba ya son ta dawo masa. Ta bakin tafinta ya ce zai fita rangadi na kwana bakwai, kafin ya dawo, kafin kuma kasuwa ta sake ci, yana so tsamiyar nan ta kwanta. Na ce a bar ni in duba tukuna, wataƙila gyara take so. Ya cire lofen ya ce ba shawara ya nema ba, ba zai jira sai ta kashe mutum ba. Ya haɗa mu da wani gardi, ɗan sandan gwamnati, mai suna Tanko, don ya san mutanen wurin ba za su yi mana maraba ba.

Ba su kuwa yi ba. Mun iske tsofaffin Anna, masu bin al'adar kakanni, zaune a gindin tsamiyar sun jingina bayansu da ita. Babbansu, Mantau, shi ne mai kula da ita, gidansu ne ke zuba mata gumba da jinin yanka tun kaka da kakanni. Siririn tsoho ne da walki, bai ɗaga murya ba, bai ma tashi ba.

"Mun ji abin da ya kawo ku. Wagga tsamiya ta girmi Nasara, ta girmi kasuwa. Tun da anka san ta ƙarhe bai taɓa ta ba, ko wuƙa ba a shiga da ita ƙarƙashinta ran yanka sai ta dutsi. In za ku sara, ku hwara da mu, ga wuyanmu."

Gardi Tanko ya gyara bindiga a kafaɗa, na ga abin zai zama wani abu dabam. Na ce da shi ya dakata, dubawa zan yi, kuma gudumata ta itace ce. Mantau ya karɓe ta ya jujjuya, ya miƙo mini. Na kewaye gindin ina bugawa, gabana ya faɗi, domin daga ƙasa har tsayin mutum amo take yi ta gabas da ta kudu. Amma wani abu bai kwanta mini ba. Ganyenta kore shar, sai babban reshe guda da ya miƙa kan rumfunan masu tukwane, wanda daga jikinsa ne guntun ya karye. Shi kaɗai ne ganyensa ya yi ja. Na hau. A sama, reshen nan ƙwarya ne tun daga tsakiya har kusa da jiki. Da na iso kafaɗa sai murya ta canza, ta koma ta turmi. Na bi jikin uwar daga sama zuwa ƙasa, turmi, turmi, har na sauko daidai inda hannun mutum ke kaiwa, nan amon ya dawo. Sai na yi tunanin ko shekarun da aka yi ana zuba mata gumba da jini ne suka ɗaga ɓawon gindin daga jikinta, ɓawon ke amo, cikin kuwa lafiya lau. Tunani ne, ba gani ba, kuma hanyar gani ita ce a huda da ƙarfe, abin da ba za a yarda ba.

Ina sauka wata dattijuwa ta tare ni, hannunta a ɗaure da karan ɗori. Ita ce Kande, wadda reshen ya karya, kuma ita ce uwar masu ginin tukwane na garin. Na zaci ita ce za ta fi kowa son a sare.

"Ɗana, reshe ne ya karya ni, ba tsamiya ba. In ɗanka ya cije ka, haƙori aka cirewa ko kai? Shekarata arba'in ina kasa tukwane a inuwag ga. In kunka kada ta, ina za mu zamna?"

Na koma Maraɗi da magariba, gaba kura baya siyaki. In na sara, sai an taka tsofaffi, kuma na kashe itacen da kunnena ya ce mini yana da rai. In na ƙi, na san abin da ke jirana a biro. Innarku tana goyon 'yar'uwarku Rabi lokacin, tana tankaɗe a tsakar gida na zayyana mata komai. Da na gama sai ta kaɗe rariya.

"Maigida, hulan nan ita ce rumbunmu, ka sani. Ba mu da gona a tudun ga."

"Na sani."

"To tun da ka sani kuma kana ta jujjuya magana, ai ka riga ka yanke. Ka tahi ka ɗauko Baba dai, kunne biyu ya hi ɗaya. In shi ma ya ce lahiyarta lau, ko ba komi ka samu abokin shan zagi."

Washegari na tafi Tsibiri na ɗora tsohon a kan jaki, ya rungume gudumarsa. Muka kwana a Maraɗi, da safe muka isa Jiratawa. A zuciyata na tabbata zai goyi bayana, har ina hango yadda zai gyaɗa kai. Na ja jakin muka kewaye gindin, yana bugawa daga inda yake zaune, yana karkata kunne. Sau biyu muka kewaya. Ya aje gudumar a cinya.

"Ta mutu. Tsaye kawai take. Ku kada ta tun ba ta kada ku ba."

Wannan maganar ta fi ta kumandan yi mini nauyi. Ban musa masa a gaban mutane ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Na ja jakin gefe, na durƙusa na gaya masa abin da na ji a sama, da zancen ɓawon gindi. Ya ce shekara hamsin yana sauraren itace, ba yaron da ya goya ne zai koya masa bambancin ɓawo da ciki ba. Sannan ya faɗi abin da ni ma na sani: reshe mai girman wannan ba a sakinsa ya faɗi kan rumfuna, sai an rataye shi da igiya a jikin reshen da ke samansa a saukar da shi a hankali. Ranar da ya rabu da uwar, duk nauyinsa kan jikinta zai koma. In cikinta ruɓaɓɓe ne za ta tsage biyu, ni kuma ina kai.

"Ka mayar da ni gida. Ban zo kallon gawarka ba."

Na ce ya yi mini haƙurin kwana uku. Bai sake cewa a mayar da shi ba, Kande ta ba shi masauki a zauren gidanta. Ni kuwa na sake hawa, na bi jikin tsamiyar da guduma taki-taki har rana ta take. Tsoro na ji, na gaske. Amma duk inda na buga sama da tsayin mutum amsa ɗaya take ba ni, kuma na ga in ban yarda da kunnena ba yau, to ban san abin da na yi shekara ashirin ina koyo ba. Na sauko na sami Mantau, na ce zan cire reshen in bar uwar, kuma ba zan sa ƙarfe ba. Na taɓa ganin kakanku ya yi wa wata kanya haka ina yaro, lokacin da gatarinsa ya karye a daji: da wuta ake yi, a tsare ta da laka. Mantau ya yi shawara da mutanensa, ya dawo ya ce wuta ba ta cikin abin da aka hana, tun da aradu ma ta taɓa gaishe ta. Sai ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Amma dubawa dabam, aiki dabam. Duk abin da ya hito hannun maƙeri, ka aje shi nan. Zobe, wuƙa, da wancan na goshinka."

Na cire zobe, na kwance wuƙa. Tambarin an ɗinke shi a jikin hular, ba ya fita sai da ita. Gardi Tanko ya matso kusa ya yi ƙasa da murya.

"Ɗanjimma, kada ka yi. Ƙin sara laihi ɗaya ne, wannan na biyu ne, kuma ya hi na hwarko. Ni ko an tambaye ni sai in hwaɗi abin da na gani."

"Hwaɗi, Tanko. Ban ce ka yi ƙarya don ni ba."

Na tuɓe hular na ɗora a kan buhun gatura, can wajen inuwar. Ga dalilina, ku riƙe shi: ba don iskokin Mantau na tuɓe ba. In ka shiga gidan mutum za ka yi masa aiki, ya ce a nan ba a shiga da takalmi, tuɓewa kake yi, ba sai ka yarda da dalilinsa ba. Na gaya wa mutanena shida cewa umarnina suke bi, laifin duka nawa ne. Na ɗaga murya na yi bisimilla kafin in kama jikin itacen, Mantau ya ce in kira wanda nake kira, shi ma zai kira nasa, itace dai kada ya ji ƙarfe.

Kwana uku muka yi, daga hantsi zuwa la'asar. Ranar farko muka kwashe rumfuna, muka karya ƙananan rassan da suka bushe da igiya don a rage nauyi, muka rataye babban da igiyoyin rama huɗu a jikin reshen sama, bakinsu ya sauko ƙasa aka naɗe a gindin wani gawo. Matan Kande suka kwaɓa mini yumɓun tukwane, ana miƙo mini a ƙwarya. Na yi wa kafaɗa da jikin uwar damara mai kauri, na sake yin wata a gaba, na bar tsakaninsu faɗin tafin hannu. Nan kaɗai wuta za ta ci. Tun da dokar kakanku ta ce a fara daga ƙasa, sai na ɗaure kasko a ƙarƙashin reshen na cika shi da garwashin ƙirya, ina hurawa da kara. In wurin ya yi gawayi sai in kankare da tsingaro in sake zuba garwashi. Zafin bazara na busar da yumɓu nan da nan, saboda haka tulu ba ya yankewa, mata na ɗebowa, maza na ja da guga, ni ina yayyafawa. Kande na zaune a ƙasa da karyayyen hannunta tana ba da umarni kamar ita ce kumandan, in yumɓu ya yi ruwa ta mayar da shi a sake. Tabon da kuke gani a hannuna na hagu, wanda na ce muku na murhu ne don ku bar ni da tambaya, a rana ta biyu na same shi, kasko ya karkace garwashi ya zubo mini. Kakanku kuwa kullum sai ya sa a fito da shi ƙofar zaure, ya juya wa tsamiyar baya, yana jan carbi.

Rana ta uku, bayan azahar, ƙunar sama da ta ƙasa suka kusa haɗuwa, hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Na sa aka kori kowa daga inuwar. Mutanena shida da samarin garin suka kama igiyoyi, Anna da Musulmi, har Tanko ya jingine bindigarsa ya kama. Suka ce in sauko a ja daga ƙasa, na ce a'a, sai an ga inda zai karkata a faɗa wa masu igiya, kuma ni na ce cikinta lafiya, ni ya kamata in zauna a kanta. Na kankare gawayin ƙarshe, na koma bayan kafaɗa na rungume uwar, na manna kunnena a jikinta. Reshen ya yi ƙara ya rabu. Igiyoyi suka miƙe har suna kuka, duk tsamiyar ta girgiza, ganye ya zubo mini a ka. Ina jira in ji tsagewa daga cikinta, domin da za ta tsage ni zan fara ji. Ban ji komai ba sai bugun zuciyata. Na ce a sassauta, aka sassauta kaɗan-kaɗan har reshen ya kwanta a ƙasa, ko tukunya ɗaya ba a fasa ba.

Da ya taɓa ƙasa sai ya dare, cikinsa duk gari ne da gara, mutum zai iya shiga ya kwanta. Na kankare fuskar mikin da tsingaro har na wuce baƙin. A tsakiya akwai ruɓa kamar faɗin bakin ludayi, na kwashe ta da yatsa, ba ta kai zurfin gaɓa biyu ba na iske itace ja, mai tauri, tsingaro na zamewa a kansa. Na zauna a kan kafaɗar nan na yi kuka, ban damu da wanda ya gani ba. Sannan na shafe mikin da laka da kashin shanu na sauko. Mata suka yi guɗa, Mantau ya kama hannuna mai ƙunar ya daɗe yana dubawa. Na je wurin kakanku na durƙusa na ce an gama. Ya ce ya ji, ai ba kurma ba ne, a ɗaura wa jaki akumari.

Mai Lofe ya dawo, Tanko ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba, kuma har ya mutu muna gaisawa. Kumandan ya hau kamyo, babbar motar gwamnati, ya je Jiratawa da kansa, ya kewaye tsamiyar, ya sa sanda ya tona cikin reshen da ke ƙasa. Da ya dawo ya ce da tafinta a gaya mini aikin ya yi kyau, tsamiya ta tsaya. Amma wanda aka ba umarni ya yi nasa, ya kuma tuɓe alamar gwamnati a gaban jama'a don wani ya ce ya tuɓe, ba zai sake sa ta ba. Na kwana uku a kaso, wato kurkuku, aka sallame ni da kai ba hula. Da na shigo gida innarku ta dube ni ta yi dariya, hawaye na zuba.

"To, ai hula sunka ba ka, ba su ba ka kan ba. Zamna ka ci tuwo."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi. Daminar nan mun sha wuya. Innarku ta shiga matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, hannunta ya yi kanta, ta sayar da tasoshin aurenta ba ta gaya mini ba sai da na ga gurbinsu. Abin da ya fi yunwa ciwo shi ne bakin mutane. Maƙwabtan da muke haɗa kwano a ƙofar gida suka janye nasu, a masallaci in na tsaya sai in ga sahu ya ɗan buɗe ta gefena. Liman ya kira ni ya tambaye ni, na gaya masa kamar yadda na gaya muku, ya ce bai ga laifi ba, amma shi limamin salla ne, ba shi da linzamin harshen jama'a. Na koma aikin gado, gida-gida, ana ba ni hatsi. Da shi na ciyar da ku, kuma yawancin dogon yaron da kuke sha inuwarsu a tsofaffin tituna sun san hannuna. Daga baya ma, da wani maɗaci ya jingina kan rufin biro, wa kuke tsammani aka aiko a kira? Na je na yi musu, a matsayin ɗan kwangila, da hular saƙi ta kaina. Kuɗin tsufan da abokan aikina suka samu ni ban samu ba, kuma na san da na samu da wasunku sun yi nisa a lakwal, makarantar boko, fiye da yadda suka yi. Wannan nauyin na ɗauke shi, ina kuma neman ku yafe mini shi.

Kakanku bai sake tayar da zancen ba har damina biyu suka wuce. Jikinsa ya yi rauni ƙwarai, ido ya tafi gaba ɗaya. Wata rana bayan girbi ya aiko a kira ni, na zaci wasiyya ce, sai ya ce in ɗaura wa jaki akumari, Jiratawa za shi. Ranar kasuwa muka isa, inuwar cike da mutane, Kande na kasa tukwanenta da hannu biyu. Ya ce shi fa ba gindin ya zo ji ba, sama zai hau. Na ce Baba, ina kai ina hawa? Ya ce ai shi ya goya ni ya hau da ni rimi tun ban san tsoro ba, yau rana ce ta biya. Na goya shi da rawani, ba shi da nauyin komai, samari suka tokara mana tsani na itace, na hau da shi har kafaɗar. Ya laluba mikin da tafin hannu. Sabon nama ya taso ta kowane gefe, ya naɗo ciki kamar leɓen tulu. Ya zaro gudumarsa daga cikin riga ya buga sau uku, a sama, a gefe, a ƙasa. Ina jin numfashinsa a wuyana.

"Wa ya koya maka wanga aiki?"

"Kai ne, Baba."

"A'a. Ni da na kashe ta." Ya zura gudumar ta kan kafaɗata. "Riƙe. Ni daga bisa jaki na saurara, kai ka hau. Sabko da ni, Ɗanjimma, na gaji."

Bai ga wata damina ba. Gudumar ita ce wadda ke rataye a bayan ƙofar ɗakina, wadda nake hana jikokina fasa goriba da ita. Tsamiyar tana nan, mikin ya rufe har sai an nuna maka wurin. Wanda ya ga dama a cikinku ya je ranar kasuwa ya ɗaga kai ta gabas. In kuma wani ya sake ce muku ubanku ya tuɓe hular gwamnati a Jiratawa, kada ku musa masa, ku ce ƙwarai kuwa. Hular ban san wanda ya gaje ta ba, ban kuma taɓa tambaya ba.